Tsohuwar kwamfuta: a ɗora mata Windows 11 ko a sayi wata?

Windows 10 ta daina aiki ne?

A'a. Gyaran tsaro na kyauta ne Microsoft ta daina turowa tun 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutarka za ta kunna, za ta yi aikinta. Sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya ba za a toshe maka ita ba, in ba ka shiga tsarin ESU na tsawaita gyaran tsaro ba, wanda wa'adinsa ga masu amfanin gida 13 ga Oktoba, 2026 ne.

Tawa ta yi nauyi. In na sa Windows 11 za ta yi sauri?

Ba za ta yi ba, kuma don Allah a daina ɗora wa Windows laifin faifai. Tsohon faifan ajiya mai juyawa shi ne ke jan ƙafa. Cire shi, ka sa SSD (faifan ajiya mai sauri, marar juyawa) mai inci 2.5, ko da 256GB ne, ka kai RAM zuwa 8GB. Duba abin da ke rubuce a jikin RAM ɗin kafin ka tafi kasuwa: DDR4 ba ya shiga ramin DDR3, kuma inji mai son DDR3L yakan ƙi tashi da DDR3.

Yaya zan san tawa za ta ɗauka?

Sauke manhajar Microsoft mai suna PC Health Check, zai faɗa maka. Ana buƙatar RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, TPM 2.0 (ɓangaren tsaro na cikin inji), Secure Boot (tsaron lokacin kunnawa), da firosesa na Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 na AMD (ba duka ba) zuwa sama.

Ya ce ba ni da TPM.

Kwantar da hankalinka, sau da yawa a kashe yake kawai. Shiga BIOS (saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ka nemi PTT in Intel ce, fTPM in AMD ce, ka kunna. Amma a can kada ka juya tsarin kunnawa daga Legacy zuwa UEFI kai tsaye. In faifanka na tsohon tsari ne, wato MBR, Windows ba za ta tashi ba sai an fara mayar da shi sabon tsari, GPT, da manhajar mbr2gpt.

Tawa ƙarni na 6 ce, lafiyarta lau. Mai gyara ya ce zai tsallake sharuɗɗan da manhajar Rufus. In yarda?

Wannan kam ba ta da amsa ɗaya. Gaskiya ne Rufus yana cire binciken TPM da Secure Boot, kuma i5-6300U mai SSD da RAM 8GB zai iya tafiyar da Windows 11 ba tare da wata gargada ba. Matsalar tana gaba. Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta yi wa irin wannan inji alkawarin sabuntawa ba. Gyaran wata-wata yakan shigo, amma babban sabuntawa na shekara yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka sake sauke fayil ɗin da ya haura 5GB ka ɗora da hannu. In ka manta har wa'adin sigarka ya ƙare, ka koma gidan jiya. Ga kuma direbobi: na'urar buga takarda ko ta karanta yatsa tana iya yin shiru, kamfanin kuma ya daina fitar mata da sabo.

Saboda haka ya danganta da aikinka. In ta kallo ce da rubutun makaranta, kuma za ka iya sa ido a kanta, ba zan hana ka ba. In shagon buga takardu ne, ko kana shiga asusun banki da ita, ko kana riƙe da bayanan mutane, ban ba ka shawara ba. In kuwa Core 2 Duo ce, a bar maganar: daga sigar 24H2 Windows 11 ba ta ma tashi a firosesan da ba shi da SSE4.2. Ko wanne ka zaɓa, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai tukuna, kuma kada ka fara da mataccen batiri kana dogaro da wutar NEPA. Ta ɗauke a tsakiya, aikin ya lalace.

Linux fa?

Linux Mint 22, wadda ake ɗorawa a maimakon Windows, kyauta ce, tana da tallafi har 2029, tana tafiya da RAM 4GB. CorelDRAW da Photoshop ba sa aiki a kanta. In da su kake ci, ba taka ba ce.

In na ɗora Windows 11 ban ji daɗi ba?

Kwana 10 gare ka ka koma Windows 10, muddin ba ka goge folda mai suna Windows.old ba, kuma a kan tsohuwar ka ɗora, ba share faifan aka yi ba.

To in zan saya, wacce?

Ɗan'uwa, nan ne ake asarar kuɗi. Mutum ya ji "Core i7 ce" ya biya, alhali ƙarni na 4 ce, ya sayo matsalar da yake gudu. Lambar farko bayan layin ita ce ƙarnin: i5-8250U na 8 ne, i7-4600U na 4; daga ƙarni na 10 kuwa lambobi biyu na farko ake dubawa. A cikin na hannu, EliteBook 840 G3 ba ta cika sharaɗi ba. 840 G5 da ThinkPad T480 galibi sun cika, amma akwai masu ƙarni na 7 a cikinsu. Ganin Windows 11 a kan allo ba hujja ba ce, don ana tsallake sharaɗi a ɗora. Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka karanta lambar firosesan da idonka a gaban mai shago kafin ka ƙirga masa kuɗi.