Jaruma: yadda waƙar Hamisu Breaker ta shiga falon matan aure a shekarar kulle

Duk wanda ya yi Ƙaramar Sallar 2020 da waya a hannu ya san waƙar, ko yana so ko ba ya so. Ga wasu tambayoyin da har yanzu ake yi a kanta.

Wace waƙa ce, kuma wa ya yi ta?

Jaruma waƙar soyayya ce ta Hamisu Sa'id Yusuf, wanda aka fi sani da Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi a Kano. Ta yi tashe a 2020, kuma Momee Gombe ce ta fito tare da shi a bidiyonta. Kafin ita ma yana waƙa, matasa sun san shi, amma Jaruma ce ta kai sunansa kunnen iyaye mata da tsofaffin da ba ruwansu da waƙoƙin zamani. Jigonta ba sabo ba ne: namiji ne yake gaya wa mace cewa son da yake mata ya wuce na zuciya, ya kai ga rai, kuma ba abin da zai raba shi da ita.

Yaya ake haɗa irin wannan waƙa?

A situdiyo, kuma sau da yawa situdiyon ɗaki ɗaya ne tak, irin waɗanda suka cika titin Gidan Zoo a Kano. Mawaƙi yakan zo da kari a bakinsa, wani lokacin ma baitocin ba su gama zama ba. Sai ya rera wa mai kiɗa, shi kuma ya laluɓo sautin a fiyano, ya ɗora ganga da sauran kayan kiɗa daga kwamfuta. Babu makaɗin kalangu ko mai goge a ɗakin, duk abin da kunne ya ji daga na'ura ya fito. Idan kiɗa ya zauna sai a ɗora murya, baiti bayan baiti, a maimaita inda ya karkace, sannan a tace ta. Wannan tacewar ce take ba muryoyin mawaƙan yanzu santsin nan da masu son Shata da Ɗanƙwairo suke yi wa tsiya.

Mai kiɗa shi ne wanda ake cuta a wannan sana'a. Rabin daɗin waƙa aikinsa ne, amma ladansa bai wuce kuɗin aiki da ambaton sunansa a ƙarshen waƙa ba, shi ma in mawaƙin ya tuna.

Salon kuwa ya samo asali ne daga waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda ake kira nanaye, kuma kowa ya san akwai ƙanshin finafinan Indiya a cikinsu tun zamanin Sangaya. A bisa al'adar nanaye, namiji ya yi baiti mace ta mayar masa. Muryoyi irin na Fati Nijar da Maryam A. Baba a nan suka yi suna. Jaruma ba ta bi wannan hanya ba, namiji ne yake ta lallashi, macen ba ta amsawa. Ina ganin wannan gurbin da aka bari ya yi wa waƙar amfani fiye da yadda ake zato, domin mata sun cike shi da kansu.

To me ya sa ta yi tashe haka, alhali waƙoƙin soyayya sun yi yawa?

Sai an tuna halin da ake ciki. A tsakiyar Afrilun 2020 aka saka dokar kulle a Kano saboda korona, ƙarshen watan kuma gwamnatin tarayya ta ƙara tsaurara ta. Azumi ya zo ana gida. Sallah ta kama ranar 24 ga Mayu, ba hawan sallah, ba bukukuwa, ba gidajen kallo, yawon gaishe-gaishe ma sai a ɗarare. Mace ta ɗinka kayan sallah, ta yi kitso, ta yi lalle, ta ɗaura ɗankwali, amma ba inda za ta je a gani.

Sai bidiyoyi suka fara fitowa a Instagram da Twitter da TikTok, daga nan suka bazu a WhatsApp. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Maigida yana zaune a kujera da kayan sallarsa, uwargida ko amarya ta ci kwalliya tana taka rawa a gabansa tana bin waƙar, shi kuma ko dai ya yi murmushi, ko ya yi mata liƙi, ko ya rasa inda zai sa idonsa. Wata ta gani ta ce ita ma mijinta ai ba baya ba ne. Cikin 'yan kwanaki abin ya zama gasa.

Abin lura shi ne waɗanda suka ɗauki waƙar. Waƙoƙin soyayya na Hausa galibi samari da 'yan mata ake yi wa, kuma su ne suke tallata su. Jaruma kuwa matan aure ne suka ɗaga ta, a cikin ɗakunansu, da mazajensu na sunna. Kuma sun juya ta: kalaman namiji ne ga mace, amma a bidiyoyin mace ce take furta su ga namiji. Babu gidan rediyo ko mai shirya fim da ya tsara wannan.

Ke nan sa'a ce kawai, waƙar ba ta da wani abin a zo a gani?

A'a. Akwai waƙoƙi da yawa da suka fito a wannan lokaci, ba a yi gasar da su ba. Kiɗan Jaruma ba ya gudu, mace za ta iya rausaya da shi cikin leshi ko atamfa ba tare da ta yi tsalle ba. Buɗewarta tana kama kunne nan take, kuma a zamanin bidiyon daƙiƙa talatin wannan shi ne komai: in farkon waƙa bai kama mutum ba, ya wuce. Kalamanta kuma babu batsa, ana iya sa ta suruka tana tsakar gida. Sannan sunan kansa kirari ne da kowace mace za ta so a yi mata. Lokaci ya taimaka, gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsiro da irin da ba a shuka ba.

Me ya jawo ce-ce-ku-cen da aka yi?

Wayar da aka ɗauka da ita. Kusan duk masu sukar, har da malaman da suka yi magana a kai, ba su ce laifi ne mace ta yi wa mijinta rawa a ɗaka ba. Abin da ya dame su shi ne a ɗauki abin da ke tsakanin miji da mata a watsa wa duniya, maza baƙi suna kallon matar wani da adonta. Suka ce ina kishi, ina kunya. Masu karewa kuma suka ce an daɗe ana zargin Bahaushe da rashin iya nuna wa iyalinsa ƙauna, yau an ga ma'aurata suna dariya tare, sai kuma a ce laifi ne?

Nawa ganin, kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, amma masu sukar sun fi hangen nesa a kan abu ɗaya: bidiyo in ya fita ba ya dawowa, aure kuwa yana iya mutuwa. Inda suka yi kure shi ne ɗora wa mawaƙin laifi, domin babu inda ya ce a yi gasa a cikin baitocinsa.

An hana ta ne?

Surutu aka yi, waƙar kuwa ta ci gaba da yawo, surutun ma ƙara mata kasuwa ya yi. Wata waƙarsa ce daga baya, Amanata, ta gamu da fushin Hisbar Kano a 2025, inda ta ce kada a saurare ta saboda kalamanta da irin rawar da mata suke yi da ita a TikTok.

Wane fim aka yi da ita?

Ba ta buƙaci fim ba, kuma wannan babban sauyi ne. A da, mawaƙi yakan sayar wa furodusa waƙa, jarumi da jaruma su hau kanta a fim, jama'a su riƙa kiranta da sunan ɗan wasan, mai muryar kuwa ba a san fuskarsa ba. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic suna cikin waɗanda suka fara fitar da kundin waƙoƙi da sunansu. Zuwa lokacin Jaruma, kasuwar faifan fim ta riga ta durƙushe, mawaƙi shi ne jarumin bidiyonsa, YouTube kuma ita ce silimarsa. Ta wannan hanya waƙar ta isa Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi ba tare da dillali ba.

Mawaƙin ya samu kuɗi daidai da yadda ta karaɗe duniya?

Ba kai tsaye ba. An kalli bidiyon sau miliyoyi a YouTube, kuma wannan yana kawo wani abu. Amma mafi yawan waɗanda suka mallaki waƙar ba saya suka yi ba. Wani ya je wurin masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa an cika masa memori, wani abokinsa ya tura masa ta Xender, mai Adaidaita Sahu ya sa ta a lasifika ya yini yana yi mata talla kyauta. Ko sisi ba ya komawa Ɗorayi daga nan.

Ribar waƙar da ta yi tashe tana zuwa ne ta bayan gida: farashin gayyata zuwa biki ya tashi, masu aure su zo a yi wa amarya waƙa da sunanta, kamfanoni su nemi talla, 'yan siyasa su aiko a lokacin zaɓe. Da aka ɗage dokar kulle bukukuwan da aka ɗaga suka dawo a jere, kuma da wuya a yi kamu ko dina a waccan shekarar mai sa kiɗa bai sa Jaruma ba lokacin shigowar ango da amarya.