Mene Ne "Obale"? Ma'anar Shimfiɗa Kwalta a Kan Kwalta

Idan kwaltar harabar makaranta ko ta otal ko ta tashar mota ta tsufa aka kira ɗan kwangila, yakan zagaya wurin sau ɗaya, ya shuri gefen wani rami da takalminsa, sannan ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan obale kawai za mu yi masa." Masu wurin su gyaɗa kai. Da yawansu sun ɗauka ana nufin za a yi musu sabon titi, shi kuwa mai maganar ya san abin da ya faɗa daban ne. Daga nan rigimar bayan damina take samo asali.

Kalmar ta shigo mana ne daga Turancin masu aikin hanya, kuma ma'anarta ita ce shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa ba tare da an haƙe ta ƙasan ba. Ana share tsohuwar, a gyara wuraren da suka lalace, a fesa mata wani ruwan kwalta mai danƙo, sannan a zuba sabuwa mai kaurin santimita 4 zuwa 5 a daddaɓe. Abin da ke ƙasa yana nan yadda yake. Riga ce aka ɗora wa jiki, kuma sai jikin yana da lafiya take yin kyau.

Mutane na yawan rikita ta da wasu ayyuka makusantanta. Faci shi ne a yanke wurin da ya yi rami kawai a cike shi, irin aikin da ake ganin ma'aikatan FERMA, hukumar da aka kafa a 2002 don kula da hanyoyin gwamnatin tarayyar Najeriya, suna yi a kan manyan hanyoyi. Akwai kuma shafe, inda ake zuba siririn ruwan kwalta a saman wurin don ya yi baƙi ya toshe ƙananan kafofi. Wannan ba ya ƙara wa wurin ƙarfi, amma da yake yana sa shi ƙyalli, wasu marasa tsoron Allah sukan yi shi su karɓi kuɗin obale. Sake gini kuwa shi ne a tone komai har jan ƙasa a faro daga tushe. Obale yana tsakiya: ya fi faci da shafe nauyi, bai kai sake gini tsada ba.

Sai an san yadda aka jera titi kafin a gane inda obale zai tsaya. Baƙin da muke takawa shi ne mafi ƙarancin kauri a cikin duka. A ƙarƙashinsa akwai dakakken dutse da aka matse, wanda kan kai santimita 15 zuwa 20, a ƙarƙashin dutsen akwai jan ƙasar burji, sannan asalin ƙasar wurin. Waɗannan na ƙasa su ke ɗaukar nauyin mota. Aikin kwalta shi ne ta rarraba nauyin, ta ba taya wurin tafiya sumul, ta kuma hana ruwa sauka. Ita kanta ba zallar baƙin danƙo ba ce kamar yadda ake zato. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta tsakuwa ce da yashi da garin dutse, sauran kashi 5 ɗin ne bitumin, wato danƙon da ke riƙe su.

Sunan ma akwai labari a cikinsa. "Kwalta" Hausantar da sunan Turanci ne na baƙin danƙon da ake samu daga gawayin kwal, wanda da shi aka riƙa lulluɓe tituna a Ingila a farkon ƙarni na 20, bayan wani ma'aikacin safiyo mai suna Edgar Hooley ya yi rajistar dabarar cakuɗa shi da tsakuwa a 1902. An daɗe da barin na kwal ɗin. Wanda ake amfani da shi yanzu gurɓin da ke saura ne idan an tace ɗanyen man fetur, amma sunan ya zauna a bakinmu. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da sashen fitar da bitumin, kuma akwai shi kwance a ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo, duk da haka mafi yawan wanda ake zubawa a titunanmu daga waje ake shigo da shi. Shi ya sa duk lokacin da dala ta motsa, ɗan kwangila yakan dawo da sabon lissafi.

To, yaushe ne obale yake da amfani? Lokacin da saman ne ya gaji amma ƙasan yana nan daram. Rana tana busar da bitumin a hankali, baƙin ya koma toka-toka, tsakuwa ta fara ɓallewa har a riƙa jin ta a ƙarƙashin takalmi, a ga siraran tsaga nan da can. Idan iyakar ciwon ke nan, sabuwar shimfiɗa za ta iya kai wurin shekara goma zuwa sha biyar, musamman inda ƙananan motoci ne ke shiga da fita.

Tsagar da za a ji wa tsoro ita ce wadda masu sana'ar ke kira fatar kada: ƙananan tsagogi da suka sarƙe da juna gida-gida, kamar bayan kada ko busasshen taɓo a bakin tafki. Wannan alama ce cewa ƙasan yana lotsawa duk lokacin da taya ta hau. Haka ma inda sawun taya ya yi kwari ya zama kamar kwalekwale, ko inda bayan ruwan sama za ka ga jan laka na tsattsafowa ta cikin tsaga idan mota ta wuce. Wanda ya zuba sabuwar kwalta a kan irin wannan wuri ya yi kitso da kwarkwata. Sai an yanke wurin murabba'i da zarto, an haƙe har inda ƙasa ta yi tauri, an mayar da dutse an matse, sannan a yi maganar rufewa.

Ko tsagar da ba ta kai fatar kada ba tana da wata mugunyar ɗabi'a: tana biyo sabuwar kwalta ta fito. Gefe biyu na tsohuwar tsaga suna buɗewa da rufewa tsakanin zafin rana da sanyin dare, kuma wannan motsi yana yage abin da aka ɗora a kai, har a wayi gari zanen tsohuwar tsagar ya bayyana a sama daidai inda yake a da. Ana rage wannan ta hanyar cike tsagogin da narkakken danƙo tun da farko, wasu kuma sukan shimfiɗa wani kyalle mai kama da raga tsakanin tsohuwar da sabuwar. Jinkirta abin ake yi, ba a cika hana shi gaba ɗaya ba. A Amurka da Kanada, inda gidaje da yawa a bayan gari suke da 'yar hanyar kwalta daga bakin titi zuwa gareji, babban abokin gabarsu ruwan da ke daskarewa a cikin tsaga ya buɗa ta. Mu a nan zafi ne da ruwan Agusta da lodi. Gidajenmu ma sun fi karkata ga intalok da daɓen siminti, shi ya sa maganar obale ta fi tasowa a harabar makarantu, asibitoci, bankuna da rukunin gidaje.

Maganar lodi tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwajin hanya a garin Otawa na jihar Ilinoi a Amurka, inda aka yi ta zagaya manyan motoci masu nauyi daban-daban a kan titunan gwaji. Abin da aka fitar daga ciki har yau injiniyoyi na aiki da shi: idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi tana ninkawa kusan sau 16. Ma'ana, tankar ruwa ɗaya da ke shiga harabar makaranta kowane mako tana iya cin kwaltar fiye da duk motocin malamai a haɗe. Saboda haka kafin a yanke kaurin da za a zuba, a tambayi maigadi irin motocin da ke shigowa. Ya fi shugaban kwamiti sani.

Na taɓa tsayawa a kan irin wannan aiki a harabar wani rukunin gidaje da nake zaune, kuma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda komai yake tsere da lokaci. Kwaltar tana baro injin haɗi da zafin da ya kai kusan digiri 150 zuwa 160. Tifa ta iso an lulluɓe ta da tamfol, ana yaye shi tururi ya tashi, warin ya cika unguwa har yara suka fito kallo. Ana juyewa cikin injin shimfiɗa, leburori na biye da shebur da manjagara suna gyara gefe, takalmansu na mannewa suna ɗagowa da ƙyar. Rola na bayansu, ruwa na tsiyaya a kan gangarta don kada kwaltar ta like mata. Dole ta gama daddaɓewa kafin zafin ya sauka ƙasa da kamar digiri 80, don daga nan kwaltar ta sandare, ko an yini ana hawa ba za ta ƙara matsuwa ba. Tifa ta uku ta makale a cunkoso ta iso da la'asar, samanta ya yi ɓawo. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Injiniya, wannan fa ta huce." Injiniya ya ce, "Baba, ba komai, rola za ta gyara." Aka zuba. Daidai wannan kusurwar ce ta fara zubar da tsakuwa tun kafin damina ta biyu ta fita.

Ruwan danƙon da ake fesawa kafin shimfiɗa shi ma wurin ha'inci ne, don da zarar an rufe babu mai ganinsa. Ba ya wuce kusan rabin lita a kowane murabba'in mita, amma shi ne ke sa sabuwa da tsohuwa su zama abu ɗaya. Idan an yi rowarsa, ko an fesa shi a kan ƙura, sabuwar kwaltar takan zame a inda motoci ke taka birki ko juya kai, ta yage kamar jinjirin wata. Wurin da baƙin mai ko man gas ya jiƙa, irin inda ake ajiye janareta ko inda makanikai ke aiki, sai an kankare shi, domin man yana narkar da bitumin. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen mai suke zuba kankare a gindin famfo.

Kauri kuwa ana iya bin sawunsa da lissafi mai sauƙi. Mita ɗaya mai cikakken tsawo da faɗi da zurfi na matsattsiyar kwalta tana yin kusan tan 2.4. Haraba mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20 tana da murabba'in mita 600. Idan za a yi mata santimita 4, tana cin kusan tan 58. Idan aka saci kauri aka yi santimita biyu da rabi, tan 36 ne, kuma a ido babu bambanci ranar da aka gama. Don haka a ƙirga tifofi, a karɓi takardar awon kowace. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa kaurin bayan rola ake nufi, saboda abin da aka zuba santimita 5 yakan koma kusan 4 idan an daddaɓe. Ƙusa mai alamar fenti da za a riƙa cakawa a bayan injin shimfiɗa ta ishi kowa shaida.

Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa shi ne obale yana ɗaga ƙasa. Santimita huɗu ba su da yawa a baki, amma a wurinmu sun isa su hana ƙofar get buɗewa, sai da aka kira mai walda ya yanke gindinta. Murfin sokawe ya koma cikin rami. Mafi muni, gefen da kwalta ta haɗu da barandar wani gida ya zarce ta tsawo, ruwan farko na damina ya bi ta nan ya shiga falo. Maganin wannan shi ne kankara: akwai inji mai ganga da haƙoran ƙarfe da ke aske saman tsohuwar kwalta daidai kaurin da za a mayar, ko a duk faɗin wurin ko a gefe-gefe kawai inda za a haɗu da lambatu da bakin ƙofa. Abin da aka kankare ba shara ba ne. Tun bayan tsadar mai ta 1973 Turawa suka dage da mayar da shi cikin sabon haɗi, a nan kuma yana yin kyau ƙwarai wajen cike layin unguwa da ke cin mota da damina, don haka a san wanda zai kwashe shi tun kafin a fara.

Gangara ita ma sai an duba. Kwalta tana son karkacewar kamar santimita 2 a kowace mita ta nufi lambatu, kuma siririyar shimfiɗa tana bin siffar abin da ta tarar ne: inda ruwa ke kwanciya a da, nan zai kwanta, sai fa idan an fara cike kwarin da wani zubi na daidaitawa. Hanya mafi araha ta gano waɗannan wurare ita ce a fita da alli ko fenti bayan an ɗauke ruwan sama, a zagaye duk inda ya taru, a ɗauki hoto. Aikin kansa a bari sai rani, lokacin da ƙasa ta bushe har ciki, amma zanen da za a nuna wa ɗan kwangila a watan Agusta ake yin sa.