Zafin cikin motar 'yan gayu, daga ina ya samo asali?

Duk shekara in bazara ta kama, daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, sai wannan gardamar ta sake tashi a fada-fada da guruf na WhatsApp. Matasan da suka sayi irin ƙananan motocin nan na gudu masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, suna ta kuka wai motar ta zama tanda. Wasu su ce a manna baƙin gilas kawai a huta, wasu su ce gas ɗin kilim (na'urar sanyaya mota) ne na yanzu ba shi da kyau, dattawa kuma su ce dama wa ya aike ku sayen motar da ba ta ɗaukar ko buhun hatsi. Kowa na magana kamar abin bana ya fara, alhali ya girmi yawancin masu gardamar.

Asalin sifar motar ce haka. Tun irin su Jaguar E-Type ta 1961, ana tura inji can baya kusa da direba don nauyi ya daidaita, kujera a yi ƙasa da ita, giya ta zauna a gefen cinyar mutum, gilashin gaba kuma a kwantar da shi saboda iska. Wasu ma kamar Lamborghini Miura ta 1966 injin yana bayan ƙeyar direba ne. Masu irin motocin a Ingila tun wancan zamanin suna ƙorafin zafi a ƙafa, Ingila fa, inda rana sai an roƙa. Kilim kuwa kamfanin Packard ne ya fara saka shi a mota a Amurka tun 1939, amma masu ƙera motar gudu sun daɗe suna gudunsa don yana ƙara nauyi yana cin ƙarfin inji. Sai yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawo ƙarshen tsohon gas R12 aka koma R134a. Wannan duk an sani, shi ne ma masu cewa tsohon gas ya fi sanyi suke kafa hujja da shi.

Abin da ba na jin ana ambata a fada shi ne abin da ya faru tsakanin 1993 da 1994, kuma ni a ganina nan gizo yake saƙa.

Daga farkon 1993 dokar hayaƙi ta Turai ta sa duk sabuwar mota mai esansi sai da katalizer, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Amurka ta riga su tun 1975. Ita wannan tukunya ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, daga digiri 400 har zuwa 800 tana kaiwa, kuma ina aka ajiye ta? Ƙarƙashin mota. A babbar mota mai tsayi akwai fili iska na wucewa, amma a motar gudu salansar ta cikin ramin giya take bi, tsakaninta da ƙafar direba bai fi tafin hannu ba. Masu ƙerawa sun san da haka, shi ya sa suka sa wani siririn kwanon alminiyam mai ƙuraje-ƙuraje tsakanin salansa da ƙasan mota, da 'yar tazara ta iska a tsakani. Kwanon ba shi da nauyin komai, da hannu ma za ka lanƙwasa shi, amma shi ne ke hana zafin salansa hawowa cikin mota.

Shekara guda bayan haka, a Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ake saye 50 ya koma 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin kusan kowa, kasuwar tsofaffin motocin Turai ta tashar Kwatano da Lome ta buɗe sosai, ana koro su ta Gaya, Doso, Ƙonni, Maraɗi har su iso nan. Da tafiya ta yi tafiya, motocin da ke isowa duk masu katalizer ne, waɗanda suka sha shekara goma ko fiye a ƙasar da ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana cin alminiyam daidai wurin da noti ya kama shi, ramin ya yi ta faɗi har kwanon ya zame daga kan wosha. Kenan tun kafin motar ta sauka daga jirgin ruwa kwanon ya riga ya yi lako-lako.

To ka kawo ta kan hanyoyinmu. Kwana kaɗan sai ka fara jin kacau-kacau a ƙasa in motar na tsaye inji na aiki. Ka kai gareji, makanike ya kwanta a kan kwali ya leƙa, ya sa hannu ya fizgo wani kwano da ya yi baƙi da ƙura ya jefar gefe ya ce "Alhaji ga abin da ke damunka, wannan ba ya aikin komai, na ƙasar sanyi ne." Ƙara ta ɗauke nan take, mai mota ya ji daɗi har da ƙarin na goro. Kuma ba mugunta ba ce, shi an ce masa ƙara ce matsala ya kuma kashe ƙara. Da sanyin hunturu ba wanda zai lura, sai bazara ta zo mutum ya ji dardumar ƙasa na ƙona masa diddige, kuma ba zai taɓa haɗa wannan da kwanon da aka jefar wata huɗu da suka wuce ba.

Ga kuma wani abu da ya haɗu da shi. Lokacin da motocin suka fara shigowa esansin yankinmu yana da dalma a ciki, sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da irinsa. Dalma kuwa tana kashe katalizer, ta lulluɓe 'yan ramukan ciki, in aka haɗa da fulogi da ba ya kamawa sosai sai ɗanyen mai ya riƙa ƙonewa a cikin tukunyar ta toshe ta yi jajur, mota ta rasa ƙarfi. A nan masu gyara suka koyi cewa maganin shi ne a yanke ta a jona bututu miƙaƙƙe, aka saba da hakan har ya zama al'ada ko da tukunyar lafiyarta lau. Daga baya da farashin ƙarafan da ke cikinta ya yi tashin gwauron zabo, irin su rodiyam a 2021, da faladiyam da ya wuce dalar Amurka 3,000 kowane oza a 2022, sai cire ta ya zama kasuwa. Mai walda in zai jona sabon bututu yakan ɗaga shi sama ya matse da cikin mota don kada ya riƙa bugun tudun rage gudu, wanda dabara ce mai kyau ta wani ɓangaren, sai dai yanzu ƙarfe mai zafin ɗaruruwan digiri yana dab da ƙasan kujera babu komai a tsakani.

Ban ce rana ba ta da nata kason ba. Kwantaccen gilashin gaba yana zuba rana kai tsaye a kan baƙin tablo, mota in ta yini a filin kasuwar Dole tablon na iya wuce digiri 70. Amma baƙar ledar da ake mannawa mai arha duhu kawai take kawowa, ita kanta tana shan zafin ta riƙe, kuma ba a gilashin gaba ake sa ta ba inda ranar ta fi shiga, ga yawan tsayarwa a hanya da take jawo maka. Inuwar dogon yaro da abin rufe gilashin gaba mai ƙyalli sun fi ta aiki. Zafin rana kuma in ka buɗe tagogi ka yi 'yar tafiya yana raguwa. Wanda ke ƙaruwa da tafiya, wanda sai ka kama hanyar Mirriya ko Magariya kake jin sa yana tasowa ta gefen giya, wannan daga ƙasa yake, ko gas nawa ka ɗura ba zai hana shi ba.

Wanda ke son gyara ya fara da hawa rami ya duba ko kwanon na nan. In ramin noti ne ya buɗe, wosha mai faɗi ta isa. In babu shi gaba ɗaya, a yanko alminiyam a ɗaura amma a bar tazara, kada ya taɓa salansa kada ya manne da jikin mota. A ɗaga fatar gindin giya a duba robar da ke ƙasa, in ta yage iska mai zafi ce ke hurowa ciki kai tsaye. Sai ɗan lagireton shofaj, wato na ɗumama cikin mota, da ke bayan tablo, wanda a motoci da yawa ruwan inji mai kusan digiri 90 ke zagayawa cikinsa kullum ko ba ka kunna ba, in soson ƙofarsa ya ruɓe zafin na gauraya da sanyin kilim, a nan Damagaram ana iya kewaye shi da tiyo a manta da shi.

Motocin da aka ƙera a Turai daga wajajen 2018 yawanci ga turbo, ga ƙarin wata matatar toka a jikin salansar masu esansi, kwanonin ƙasansu ma sun fi na da yawa. Su ne za su fara iso mana nan da 'yan shekaru.