Iyakar sinadarai a kayan gini

Iyakar sinadarai a kayan gini ma'auni ne da masu ba da takardar shaidar gini mai kare muhalli ke sawa, wato nawa ne na guba aka yarda ya zauna cikin fenti, gam, falanki ko ledar ƙasa kafin a ce ginin ya ci jarrabawa. Sanannun tsare-tsaren su ne BREEAM na Ingila da ya fara a 1990, LEED na Amurka, sai HQE na Faransa.

Abin da aka fi sa wa ido shi ne VOC, sinadaran nan masu tashi su bi iska, su ne warin da ke sa ciwon kai da yajin ido in an shiga ɗakin da aka gama shafa wa fenti. Awon iri biyu ne kuma mutane na yawan haɗa su, akwai abin da ke cikin gwangwani, akwai kuma abin da ke fita daga bango bayan ya bushe. A na farko LEED na bin dokar Kalifoniya, giram 50 a lita ga fentin bango mara ƙyalli, Tarayyar Turai kuwa giram 30 ta sa tun 2010. Na biyun shi ne tambarin da Faransa ta wajabta daga 2012, daga A+ (mafi ƙarancin fitar da sinadari) zuwa C, kuma a Yamai in mutum ya juya bokitin da ya zo daga can zai iya ganin shi, sai dai a kasuwar Katako galibi launi da farashi kawai ake tambaya.

Sai sinadarin fomaldehaid da ke cikin gam ɗin falankin da ake silin da kabad da shi, wanda IARC, hukumar binciken cutar kansa ta duniya, ta sa cikin masu jawo cutar kansa a 2004. Ajin E1, ma'aunin falanki na Turai, bai yarda ya wuce miligiram 0.124 a mita kubik ɗaya na iska ba. To nan ne damuwata take gaskiya, don a ɗakin gwaji mai digiri 23 ake auna shi, mu kuwa a watan Afrilu Yamai da Tawa suna haura 40, ga rufin kwano ga taga a kulle saboda ƙura, kuma zafi na ƙara fitar da wannan sinadari, ke nan falankin da ya ci jarrabawa a Turai zai iya fitar da fiye da haka a ɗakin da yaranmu ke kwana.

Dalma ma tana ciki, musamman a fentin mai ja ko rawaya da ake shafa wa ƙofa da tagar ƙarfe, iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara ita ce kashi 90 cikin miliyan, kuma yaro ne ya fi cutuwa in fentin ya ɓare ya zama ƙura ya kai baki. Asbestos kuwa, wani ma'adani mai zare-zare da ake sawa a kayan rufi, Faransa ta hana shi baki ɗaya tun 1997.

Ginin laka irin na masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986, bangonsa ba ya fitar da waɗannan sinadarai, sai in an zo daga baya an bi shi da fentin mai ko an sa masa silin na falanki.