Kula da Tsoffin Sojoji da Iyalansu

Kula da tsoffin sojoji, waɗanda ake kira 'yan mazan jiya, shi ne duk tanadin da hukuma take yi wa wanda ya ajiye kaki, da matarsa da 'ya'yansa, da magadan wanda ya kwanta dama a bakin aiki. Ya haɗa da fansho da garatuti, jinya, diyyar naƙasa, muhalli, karatu da koyon sana'a. Abin da ya bambanta shi da sauran haƙƙoƙin ma'aikata shi ne tsawon bashin: yaƙi kan ƙare cikin 'yan shekaru, amma raunin da ya bari yakan bi mutum shekara hamsin ko fiye.

Asali

A shekara ta 6 Miladiyya, Augustus, sarkin Rum, ya kafa baitulmali na musamman don biyan sojojin da aka sallama, ana zuba masa harajin gado na kashi 5 cikin 100. A 1670 Sarki Louis na 14 ya ba da umarnin gina Les Invalides a Paris don tsoffi da naƙasassun sojoji, sannan a 1682 Sarki Charles na 2 ya kafa asibitin Chelsea a Landan. Har yau akwai tsoffin sojoji da ke zaune a gidajen biyu.

Alƙawari da cikawa

Yawancin gyare-gyaren da aka samu sai da jiki ya gaya wa hukumomi. A 1924 Amurka ta yi wa sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya alƙawarin wani kuɗi, amma ba za a biya ba sai 1945. Da karayar tattalin arziki ta ci tura, dubbansu suka yi sansani a Washington a 1932 suna neman a biya su nan take. Ranar 28 ga Yuli aka turo musu sojoji a ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur, aka tarwatsa su, aka ƙone bukkokinsu. Sai a 1936 aka biya kuɗin. Wannan abin kunya yana cikin abin da ya sa a 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka sani da GI Bill, wadda ta biya kuɗin makaranta, ta lamunce bashin sayen gida, ta kuma ba marasa aiki alawus. Kimanin mutum miliyan 7.8 ne suka yi karatu ko koyon sana'a da ita. Sai dai da yake an bar aiwatarwa a hannun jami'an yankuna da bankuna, baƙaƙen fata da dama an rufe musu ƙofa duk da cewa dokar ba ta bambanta su da kowa ba.

Sojojin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka sun fi kowa shan wuya. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, dakarun Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman albashinsu da aka riƙe. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, a Accra, 'yan sanda suka harbe tsoffin sojoji uku da ke cikin jerin gwanon kai wa gwamna takardar koke. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin tsoffin yankunanta, ya zamana mutum biyu da suka kwana a rami ɗaya, ɗaya na karɓar ninkin na ɗayan sau da yawa. Ba a daidaita ba sai bayan hukuncin Majalisar Tsarin Mulki ta Faransa a 2010, lokacin da akasarin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Wa zai kawo hujja?

Nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya rasa ƙafa, rauninsa a fili yake. Amma a dubi wanda ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku, ba ya barci, ƙarar rufe ƙofa na sa shi zabura, ba ya zama sai bayansa na jingine da bango. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su sanya wannan larura ta firgici bayan tashin hankali, wadda ake taƙaitawa da PTSD, a kundinsu ba sai a 1980. Kafin nan sau da yawa ragwanta ake kiranta.

Haka cututtukan da ke ɓulla bayan shekaru. Ta yaya mai ciwon daji zai tabbatar cewa gubar da ya shaƙa shekara ashirin da suka wuce ce sanadi, alhali bayanan inda aka tura shi suna hannun hukumar da yake ƙara? Dokar da Amurka ta yi a 1991 kan Agent Orange, wani maganin kashe tsirrai mai guba da aka fesa a yaƙin Biyetnam, ta juya lamarin ga sojojinta da suka yi yaƙin: idan mutum ya yi aiki a wurin, ya kuma kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, ana ɗauka aikin ne ya jawo. Dokar PACT ta 2022 ta faɗaɗa wannan ƙa'ida ga waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Da wuya a sami gyaran da ya kai wannan amfani, domin ya sauke nauyin hujja daga wuyan majinyaci ya ɗora wa mai riƙe da takardu.

Iyali

Matar soja kan bar aikinta duk lokacin da aka yi wa miji canjin bariki, yara su sake makaranta. Idan ya dawo da rauni, ita ce mai yi masa wanka, mai ƙirga ƙwayoyin magani, mai tashi tsakar dare idan mafarki ya firgita shi, kuma an daɗe ba a lissafa wannan a matsayin aiki. A 2010 Amurka ta yi dokar da ke ba irin waɗannan masu jinya alawus da horo da hutu, kuma sabuwar GI Bill ta 2008 ta ba soja damar miƙa haƙƙinsa na karatu ga mata ko 'ya'ya bisa wasu sharuɗɗa. Birtaniya ta rubuta yarjejeniyarta da dakarunta a 2011, bisa ƙa'idar cewa kada soja ko iyalinsa su cutu wajen samun hidimar gwamnati saboda aikin soja. Dokar 2021 ta wajabta wa hukumomin lafiya, ilimi da gidaje su yi la'akari da ita.

Sauran gyare-gyare

Indiya ta amince a 2015 cewa masu muƙami ɗaya da shekarun aiki ɗaya su karɓi fansho ɗaya, ko yaushe suka yi ritaya, don kada hauhawar farashi ta cinye na waɗanda suka riga fita. Afirka ta Kudu, da dokarta ta 2011, ta shigar da mayaƙan ƙungiyoyin gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata cikin ma'anar tsohon soja. Akwai kuma batun shirya mutum tun kafin sallama: wanda ya yi shekara goma yana gyaran injin tankar yaƙi ko jinyar raunuka a filin daga yana buƙatar takardar shaidar da kamfani ko asibitin farar hula zai karɓa, kuma ya kamata ta shiga hannunsa kafin ranar da zai miƙa kayan aiki.