Waiwaye: Yadda Koyar da Sana'a Ya Koma Hannun Yankuna

Kafin gwamnatoci su tsoma baki, koyon sana'a magana ce tsakanin mai sana'a da yaron da aka damƙa masa: ya yi shekaru a ƙarƙashinsa, in ya ƙware a yaye shi. Zuwan manyan masana'antu ya dagula wannan tsari. Kamfani zai kashe kuɗi ya horar da mai walda, maƙwabcinsa ya ƙara masa 'yan kuɗi ya ɗauke shi. Ba mai yarda ya yi ta noma wani na girbewa, don haka kowa ya janye hannu, ƙwararru suka yi ƙaranci.

Maganin farko shi ne harajin horo, wato a cire wani kaso daga jimillar albashin da kamfani ke biya a zuba a asusu guda. Brazil ta kafa hukumar koyar da sana'a ta SENAI a 1942 a kan wannan tsari, ta bar ragamarsa a hannun masu masana'antu, kowace jiha da nata reshe. Kolombiya ta bi sahu da SENA a 1957, Nijeriya ta kafa asusun ITF a 1971, Afirka ta Kudu ta yi dokarta a 1999, inda ake karɓar kashi 1 cikin ɗari. Birtaniya ta sa nata a 2017: rabin kashi 1 cikin ɗari a kan kamfanin da albashinsa ya haura fam miliyan 3 a shekara. Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu kamfanoni kan sauya wa horon da dama can suke yi suna don kawai su karɓo kuɗinsu daga asusun, ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba.

Jamus ta bi wata hanya. Dokarta ta 1969 ta daidaita tsarin da mai koyo ke yin kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma ana biyansa. Majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu na kowane yanki su ke rajistar yarjejeniya, su ke shirya jarrabawa. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi ajin da manhajar, suka manta da majalisun nan, alhali su ne ke sa takardar shaidar ta yi daraja a idon mai ɗaukar aiki.

Tarihin Amurka ya fi nuna inda ake tuntuɓe. Dokar horo ta 1962, zamanin Shugaba Kennedy, ta fito ne daga fargabar injuna za su kori ma'aikata, kuma gwamnatin tarayya ce ke juya akalarta. A 1973 dokar CETA ta miƙa kuɗin ga ƙananan hukumomi, har da ɗaukar mutane aikin gwamnati na wucin gadi, abin da ya jawo mata suka. Dokar JTPA ta 1982 ta soke wannan ɓangare, ta ƙara wa majalisun yanki waɗanda 'yan kasuwa suka fi rinjaye a ciki iko, ta kuma ce za a auna kowace cibiyar horo da yawan waɗanda ta samar wa aiki. Nan aka sami matsala mai zurfi. Cibiyar da ta san da wannan ma'auni za a yi mata hisabi sai ta riƙa zaɓar waɗanda ko ba horo za su sami aiki, ta kauce wa masu tsananin buƙata. Da aka yi babban bincike ta hanyar ƙuri'a, a horar da wasu a bar wasu don kwatantawa, sai aka ga manya sun ɗan ƙaru, matasan da suka bar makaranta kuwa kusan ba abin da ya canza musu. Dokar 1998 ta tattara hidimomi a cibiya guda, ta 2014 kuma ta matsar da ma'aunin gaba: ana duba ko mutum yana kan aiki a zango na biyu da na huɗu bayan ya gama, kowane zango wata uku, da nawa yake samu.

Abin da ya fi tasiri a 'yan shekarun nan shi ne horon da aka gina kan fanni guda mai neman ma'aikata a yankin. Shirin Project QUEST na birnin San Antonio a Amurka, wanda aka fara a 1992, misali ne: an tantance ayyukan da asibitoci ke rasa masu yi, aka biya wa masu koyo kuɗin karatu a kwalejojin yankin, aka haɗa kowa da mai ba shi shawara. Binciken da aka bi su da shi ya nuna ƙarin samunsu ya ɗore shekaru da yawa. Irin wannan shiri yana da tsada ga kowane mutum guda, shi ya sa masu kasafi suka fi son kwas na 'yan makonni ta intanet, mai arha da yawan masu rajista. Mu dai muna ganin ba a nan ya kamata a yi tsimi ba. Galibin masu ficewa a tsakiya ba karatun ne ya gagare su ba. Kuɗin mota ne, ko rashin mai kula da yara, ko albashin da suka rasa a watannin koyo, kuma kwas na kwamfuta ba ya biyan haya ko rainon yaro.