Kafin ka sayi jirgi maras matuƙi mai 8K, fara duba nauyinsa

Masu sha'awar ɗaukar bidiyo da ƙananan jirage marasa matuƙi suna yawan muhawara kan 4K da 8K, wato ma'aunin kaifin hoton kyamara. Ita kuwa doka, a Tarayyar Turai da Amurka, ba ta tambayar yawan ɗigon hoton kyamararka. Abin da take fara tambaya shi ne nauyin jirgin, kuma iyakar da aka fi ji ita ce giram 250.

A Amurka, mai tuƙi don nishaɗi kawai ba sai ya yi wa jirginsa rajista da FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ba idan bai kai giram 250 ba. Idan ya kai, rajista ta zama dole, dala 5 ce na shekara uku, sannan jirgin ya riƙa sanar da lambarsa da inda yake yayin da yake sama. Gwajin sanin ƙa'idojin tsaro na TRUST kuwa, wanda kyauta ne, yana kan kowane mai tuƙi don nishaɗi, haka ma iyakar tashi ta ƙafa 400.

Turai ta fi tsauri a nan. Dokarta mai lamba 2019/947, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Disamba 2020, ta ce muddin akwai kyamara a jikin jirgin, kuma ba abin wasan yara ba ne, to mai shi ya yi rajista ko da bai kai giram 250 ba. Dalili shi ne kyamara tana iya ɗaukar fuskokin mutane da lambobin motocinsu. Mita 120 ne iyakar tashi, kuma dole idonka ya kasance a kan jirgin.

To ina ƙarfin hoton ya shigo? Kyamara mai ƙarfi sau da yawa tana zuwa da nauyi. Jirgin Mini 4 Pro na kamfanin DJI bai kai giram 250 ba, yana kuma ɗaukar 4K, wato ɗigo kusan miliyan 8.3 a kowane hoto, ninki huɗu na 1080p, wato bidiyon Full HD da aka saba gani. Mavic 3 mai 5.1K yana da giram 895, wanda ya sa a Turai sai ka ci jarrabawa ta intanet. Inspire 3 mai 8K ya kusa kilo 4, kuma manyan jirage irinsa rukunin A3 suke faɗawa, inda za ka nisanci unguwanni, kasuwanni da masana'antu da mita 150. Ka ga kenan wanda ya sayi babban jirgi irin wannan don ya ɗauki rufin gidajen unguwarsu da yamma, ya sayi abin da doka ba za ta bari ya tashe shi a wurin ba.

A ganina 4K ya wadatar da mai sha'awa, har ma yana taimaka masa bin doka. Kana iya tsayawa nesa da mutane, daga baya ka yanko ɓangaren da kake so a kwamfuta, hoton ya fito tas a 1080p. Sai dai wannan kaifin yana da nasa nauyin. Matar da ke shanya a tsakar gidanta, wadda da ido ba ka ga komai ba sai ɗan ɗigo, idan ka faɗaɗa hoton za a iya gane ta. Kafin ka ɗora a YouTube, yanke wurin ko ka dusashe fuskar, domin a Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR tana iya hawa kanka.